Ekron da Man Zaitun: Garin Filistiyawa da Ya Kuɗance a Inuwar Assuriya

A ƙarni na 8 kafin Miladiyya, Ekron gari ne da ya tsufa ya motse. Mutanensa sun tattare a kan tudu ɗaya da bai wuce hekta 4 ba, sauran filin da kakanninsu suka zauna kuwa ya koma kufai. Kafin wani ƙarni ya zagayo garin ya bazu ya kai kimanin hekta 30, ya yi sabuwar ganuwa, ya gina katafaren ɗakin bauta, kuma a cikinsa an ƙirga wuraren matsar man zaitun 115. Har yau ba a tono wani gari na wancan zamani a Gabas ta Tsakiya da ya tara masana'antar mai irin wannan ba. Daga nan, wajen shekara ta 604, wuta ta cinye shi, bai sake tashi ba.

Abin da wannan nazari yake bi shi ne dalilin tashin da dalilin faɗuwar. Duk shekarun da za su zo a ƙasa na kafin Miladiyya ne, sai inda ake maganar masu tono da abubuwan zamaninmu, saboda haka lissafin baya-baya yake tafiya: 701 ta riga 604.

Mutanen da ƙasarsu

Filistiyawa sun fara bayyana a rubuce a bangon ɗakin bautar Medinet Habu a Masar, inda Fir'auna Ramses na III ya zana yaƙinsa da wasu al'ummu da suka zo ta teku wajen 1175. Ɗaya daga cikinsu ana kiranta Peleset. Ba da daɗewa ba sai ga su zaune a kudancin gaɓar gabas ta Bahar Rum, cikin birane biyar: Gaza, Askalan, Ashdod, Gat da Ekron. Tukwanensu na farko sun yi kama da na yankin tekun Girka, suna gina murhu a tsakiyar ɗaki, suna cin alade fiye da maƙwabtansu. Binciken ƙwayoyin halitta da aka wallafa a 2019 kan ƙasusuwan Askalan ya nuna cewa jariran farkon wannan zamani suna ɗauke da jinin da ya zo daga wajen Turai, kuma cikin kimanin ƙarni biyu wannan alama ta narke cikin jinin 'yan ƙasa. Wato baƙi ne suka zo, suka yi auratayya, suka zama 'yan gida.

Mai karatu ya riga ya san wasu daga cikin waɗannan sunaye ta wata hanya. Jaluta da Annabi Dawuda (AS) ya kashe, wanda labarinsa ya zo a Suratul Baƙara, littattafan Yahudu da Nasara sun ce mutumin Gat ne. Askalan kuwa shi ne garin da ake danganta Ibn Hajar al-Asƙalani da shi. Daga sunan Filistiyawa ne sunan ƙasar Falasɗinu ya samo asali ta bakin Girkawa da Rumawa, amma al'ummar da muke magana a kanta ta ɓace a matsayin al'umma mai sarautar kanta tun ƙarni na 6.

Cikin biranen biyar, Gaza da Askalan da Ashdod su ne na bakin teku ko dab da shi. Gat da Ekron suna ciki, a inda shimfiɗaɗɗiyar ƙasar gaɓa take haɗuwa da ƙananan tuddan da suke hawa zuwa ƙasar Yahuza. Ekron yana kimanin kilomita 35 yamma da Ƙudus, tafiyar yini ɗaya da jaki daga teku. Wannan zama na tsakiya shi ne duk jarin garin: gonakin zaitun a gabas, jiragen ruwa a yamma. Amma jarin ya daɗe ba ya haifar da komai. Ekron babban birni ne na kimanin hekta 20 a ƙarni na 12 da na 11, aka rushe shi, ya koma ƙaramin gari a gefen Gat. Ko da Hazayel sarkin Dimashƙa ya rushe Gat wajen 830, Ekron bai gaji matsayinsa nan take ba.

Abin da aka tono

Kufan Ekron shi ne tudun da ake kira Tel Mikne, Larabawa kuma suna ce masa Khirbat al-Muƙanna. Trude Dothan ta Jami'ar Hibru da Seymour Gitin na Cibiyar Albright ne suka jagoranci tono a wurin daga 1981 zuwa 1996. Abin da suka buɗe kaɗan ne daga cikin garin, wajen kashi 4 cikin 100, yawancin wuraren matsar man kuma an gane su ne tun daga saman ƙasa domin duwatsunsu suna leƙowa.

Masana'antun suna jere a ɗamara ɗaya, bin cikin ganuwa, nesa da unguwar masu mulki da ke tsakiyar gari. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa ba kowa ne ya tashi ya kafa tasa a bayan ɗakinsa ba, akwai wanda ya zauna ya yanka fili. Kusan kowace iri ɗaya ce. Akwai babban komin dutse mai kusurwa huɗu a tsakiya, da randar dutse a dama da hagunsa. A cikin komin ake zuba 'ya'yan zaitun a murƙushe su da dutse, a zuba ruwa, man farko ya taso a kwalfe shi. Wannan shi ne mai daraja. Sauran dusar sai a cusa ta cikin kwandunan saƙa, a jera su bisa bakin randa, a ɗora gungumen itace a kai. Kan gungumen ɗaya yana cikin rami a bango, ɗaya kan kuma ana rataya masa manyan duwatsu masu huda. Nauyin ya danne, ruwa da mai su tsiyaye cikin randa, daga baya a kwashe a zuba a tuluna a bar man ya rabu da ruwan. Ɗakin da ke gefe na ajiyar tuluna ne, na gaba kuma yana buɗewa kan titi.

Gitin ya ƙiyasta cewa waɗannan wurare za su iya fitar da aƙalla tan 500 na mai a shekara, wani lissafin ma ya kai tan 1,000. Ƙiyasi ne, kuma ya dogara da zaton cewa duka suna aiki lokaci guda, abin da za mu dawo kansa. Amma ko an raba shi biyu, ya fi ƙarfin cikin mutanen gari ɗaya, ko da sun ci, sun shafa, sun kunna fitila da shi dare da rana. Man sayarwa ne.

Kakar zaitun 'yan watanni ce, daga ƙarshen shekara. Me ma'aikata suke yi sauran watannin? A cikin ɗakunan nan an sami tarin dunƙulen yumɓu da ake ratayawa a zaren masaƙa, wanda ke nuna cewa idan matsa ta ƙare saƙa ake kafawa. An kuma sami ƙananan bagadan dutse masu ƙaho huɗu na ƙona turare, fiye da goma, wasu a cikin masana'antun kansu. Irin waɗannan bagadai an fi saninsu a masarautar Isra'ila ta arewa, wadda Assuriyawa, masu daular arewacin ƙasar Iraƙi ta yau, suka rushe wajen 720, shi ya sa Gitin yake ganin wasu daga cikin ma'aikatan mutanen can ne da yaƙi ya tarwatso. Zato ne mai ma'ana, domin gari ba ya ninka kansa sau bakwai da haihuwa kaɗai.

Shekara ta 701

Assuriyawa sun shigo ƙasar Filistiyawa a 734, lokacin Tiglat-Fileser na III. Abin da ya yi a Gaza ya fallasa abin da ya kawo shi: sarkin garin, Hanunu, ya gudu Masar, da ya dawo aka mayar da shi kan gadonsa, aka kuma kafa wurin karɓar kuɗin fito a garin. Gaza ce ƙofar Masar kuma nan ayarin turare daga Arabiya yake sauke kaya. Assuriya ba ta da jiragen ruwa nata, ba ta kuma iya sana'ar teku ba, saboda haka ta ga ya fi mata riba ta bar sarakunan gaɓa a kan kujerunsu su riƙa neman kuɗi, ita kuma ta riƙa yankar rabonta. Akwai wasiƙar wani jami'inta a ƙasar Finikiyawa, wato gaɓar Lebanon ta yau, da yake ba sarki labarin cewa ya bar mutanen Sidon su sari katako a dutsen Lebanon, amma ya hana su sayar wa Misrawa da Filistiyawa. Haka ikon yake: ciniki a buɗe, amma da igiya a wuya.

Da Sargon na II sarkin Assuriya ya mutu a fagen yaƙi a 705, ƙasashen yamma suka ga dama ta samu. Hezekiya sarkin Yahuza da Sidƙa sarkin Askalan suka daina biyan haraji, suna sa ran taimakon Masar, wadda a lokacin sarakunan Kush, daga ƙasar da take Sudan a yau, suke mulkinta. Padi sarkin Ekron ya ƙi shiga tawayen. Manyan garinsa suka kama shi, suka sa masa mari, suka miƙa wa Hezekiya ya tsare shi a Ƙudus.

Sennakerib, sabon sarkin Assuriya, ya iso a 701. Bisa ga rubutunsa, ya kara da rundunar Masar da Kush a Elteke, ya shiga Ekron ya karkashe manyan da suka yi tawaye ya rataye gawarwakinsu kewaye da gari, ya kwashe magoya bayansu, ya bar sauran. Ya ce ya ci garuruwan Hezekiya masu ganuwa 46, ya kulle shi a Ƙudus kamar tsuntsu a keji. Sarakunan Assuriya ba sa rowar yabon kai, adadinsu sai an rage, amma rushewar Lakish da garuruwan tuddan Yahuza ta tabbata a tono. Abin da ya shafe mu shi ne jimla biyu a ƙarshen labarin: an fito da Padi daga Ƙudus an mayar da shi kan sarauta, kuma an yanki ƙasar Hezekiya an raba wa Mitinti na Ashdod, da Padi na Ekron, da Silli-Bel na Gaza, aka ƙara musu haraji a kan na da.

A rana ɗaya Ekron ya sami abubuwa biyu, ƙasa da bashi. Ƙasar ita ce tuddan da zaitun ya fi so. Bashin kuwa da azurfa ake biyansa: akwai ɗan rubutu daga Nineba, babban birnin Assuriya, na shekara ta 699 da ya nuna Padi ya kai azurfa. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ekron ba shi da ma'adinin azurfa, hanya ɗaya ce ta samun ta, a sayar da wani abu ga masu ita. Masu tono sun sami ɓoyayyun taskokin azurfa shida a garin, gutsattsari da karyayyun kayan ado waɗanda ake aunawa a ma'auni a biya da su, domin ba a fara buga tsabar kuɗi a yankin ba tukuna.

Abu na uku da ya samu shi ne kwanciyar hankali. Itacen zaitun yana ɗaukar shekaru kafin ya fara ba da 'ya'ya na kirki, wanda ya dasa shi yana yi ne domin ɗansa. Ba mai sassaƙa komin dutse ya kafa masana'anta a ƙasar da ake kai hari kowace rani. Bayan 701 yankin ya sami kimanin shekara sittin ba babban yaƙi tsakanin maƙwabta, ba don sun so juna ba, sai don duk tsoron mutum ɗaya suke ji.

Ɗan Padi, wanda Assuriyawa suke rubuta sunansa Ikausu, ya ci gaba da biyayya. Sunansa yana cikin sarakuna 22 da suka kai wa Esarhaddon sarkin Assuriya kayan gini Nineba, yana kuma cikin waɗanda suka mara wa magajinsa Ashurbanifal baya a yaƙinsa na Masar a 667. A 1996, kakar tono ta ƙarshe, aka ci karo da dutse mai layi biyar na rubutu a cikin babban ɗakin bautar garin. Yana cewa Akish (wato Ikausu) ɗan Padi ɗan Yasad ɗan Ada ɗan Ya'ir, mai mulkin Ekron, shi ya gina ɗakin domin wata abar bautarsa mace, yana roƙonta ta tsare shi, ta tsawaita kwanansa, ta sa wa ƙasarsa albarka. Wannan dutse ne ya kashe gardamar ko tudun nan shi ne Ekron. Ya kuma nuna irin cakuɗar da garin ya zama: harshen da rubutun dangin na Finikiyawa ne, farfajiyar ginin da zauren karɓar baƙi salon Assuriya ne, sunan sarkin kuma wasu masana suna ganin tsohon suna ne daga yankin Girka da aka tono daga tarihin kakanni.

Ina man yake tafiya?

Amsar da take fara zuwa a ka ita ce Nineba. Ba ta tsaya da ƙafarta ba. Tsakanin Ekron da Nineba ya haura kilomita 1,000 ta hanyar ayari, mai a tulun yumɓu kaya ne mai nauyi mai fashewa, kuma mutanen ƙasar Iraƙi ta da man riɗi suka saba da shi. Abin da Assuriya take so ya iso mata shi ne azurfa, ba tuluna ba. Hanyar da ta dace da man ita ce yamma, zuwa bakin teku, inda jirgi ɗaya yake ɗaukar abin da jakuna ɗari ba za su ɗauka ba. A 1999 an binciki jirage biyu na Finikiyawa da suka nutse a teku daura da Askalan wajen 750, a zurfin kimanin mita 400. Kowanne ana iya ƙirga tulunan giya kusan 400 a kansa, kuma alamu sun nuna Masar ko can yamma suka nufa. Hanyar tana nan tun kafin Ekron ya farfaɗo. Masar ce kasuwa mafi kusa kuma mafi girma, domin zaitun ɗinta bai taɓa isar ta ba.

Askalan ya nuna mana ɗaya gefen cinikin. Tonon da Lawrence Stager na Jami'ar Harvard ya fara a 1985, wanda ya ci gaba har 2016, ya buɗe kasuwar garin kamar yadda wuta ta same ta a 604. Ga jerin shaguna, ɗaya na giya, ɗaya na mahauci da ƙasusuwan da aka daddatsa. Ga ɗakin lissafi da duwatsun awo da gutsattsarin ma'aunin tagulla, da wani katangar tulu da aka rubuta shaidar sayen hatsi da azurfa a kai. A wani gefen garin ga babban wurin matsar inabi. Tukwanen sun fito daga Finikiya, Kubrus, Masar da garuruwan Girkawa, na Assuriya kuwa sai an nema. Masu nazarin tsirrai sun duba ƙonanniyar alkamar da aka samu, suka gane daga irin ciyayin da ke gauraye da ita cewa wata daga ƙasar Yahuza aka kawo ta.

Idan aka haɗa waɗannan, sai a ga yanki guda da ya raba aiki. Askalan ya ba da ƙasarsa ga inabi domin giya ta fi tsada. Ekron da ƙananan garuruwansa irin su Timna, inda nan ma aka sami wuraren matsa, suka riƙe zaitun. Hatsi yana gangarowa daga tuddan Yahuza, dabbobi daga can kudu. Masu jirage, galibi mutanen Taya da Sidon, su ne dillalan da suka haɗa wannan duka da kasuwannin ƙetare.

Gardamar masana

A nan ra'ayi ya rabu. Gitin yana ganin Assuriya ce ta shirya abin da gangan: ta zaɓi Ekron saboda wurinsa, ta kawo masa ma'aikata, ta mai da shi cibiyar mai domin amfanin daularta. Avraham Faust ya ƙi wannan. Hujjarsa mai nauyi ce: a ƙarni na 8 cibiyoyin matsar zaitun suna ƙasar Isra'ila ta arewa, da Assuriya ta ci ƙasar ta mai da ita lardinta sai sana'ar ta mutu. In da daular tana da sha'awar mai, me zai hana ta raya shi a inda gwamnoninta suke mulki kai tsaye, ta bar shi ya bunƙasa a ƙasar ɗan amana? Stager kuma ya taɓo ta wani gefe. Ya ce kayan da aka samu cikin masana'antun na ƙarshen ƙarni na 7 ne, lokacin da Assuriya ta riga ta janye Masar ta maye gurbinta, don haka mai yiwuwa ne bunƙasar ta zamanin Misrawa ce. Gitin ya mayar da martani da cewa a gine-ginen ƙarshe an sami wasu duwatsun matsa da aka daina amfani da su aka sa su cikin bango, alamar cewa sana'ar ta riga ta wuce ganiyarta kafin wutar.

Matsalar ta gaskiya ita ce komin dutse ba ya ɗauke da shekara. Abin da ake samu a ƙasan ɗaki na ranar ƙarshe ne, ba na ranar da aka gina ɗakin ba. Amma dutsen Akish yana taimakawa: mutumin da ya gina wancan katafaren ɗakin bauta yana sarauta ne a shekarun 670 da 660, tsakiyar mulkin Assuriya, kuma ba da kuɗin gero ya gina shi ba. Arzikin ya riga ya shigo a lokacin.

A ganina Gitin ya yi daidai a kan lokaci, Faust ya yi daidai a kan niyya. Assuriya ta ba Padi ƙasa ne domin ta karya Hezekiya, ta hana yaƙi domin harajinta ya riƙa isowa, ta nemi azurfa domin fadarta. Ba ɗaya cikin waɗannan da aka yi domin zaitun. Masu mulkin Ekron da dillalan teku su ne suka duba abin da ya faɗo hannunsu suka ga mai a ciki. Mun ga irin wannan a gida: Turawa sun kawo layin dogo Kano suna sa ran auduga domin masaƙun Ingila, amma da jirgin ya fara aiki a 1912 sai fataken Kano suka bi ƙauyuka suna ba manoma kuɗi da kaya domin gyaɗa, gyaɗar ce kuma ta cika tasha. Mai iko ya shimfiɗa hanya da tasa manufar, 'yan kasuwa suka zaɓi kayan da za su bi ta kai.

Wutar 604

Wajen 640 zuwa 630 ƙarfin Assuriya ya fara ja baya daga yamma. Masar a ƙarƙashin Samtik na I ta shigo gaɓar ba tare da wani dogon giɓi ba, kuma ga biranen Filistiyawa canjin bai yi zafi ba, domin sabon ubangidan shi ne babban mai sayen kayansu. Kayan Masar sun yawaita a matakin ƙarshe na biranen biyu. A ɗakin bautar Ekron an sami kumurcin zinariya irin wanda ake sa wa a goshin rawanin gumaka da sarakunan Masar, a Askalan kuma tarin ƙananan bokitan tagulla na ibada masu zanen gumakan Masar.

Nineba ta faɗi a 612. A 605 Nebukadnezzar na Babila, wanda malamanmu suka sani da Bukhtanassar, ya ragargaza rundunar Fir'auna Neko na II a Karkemish, a bakin kogin Furatu. Daga nan sarakunan gaɓa suka shiga gaba kura baya siyaki. Su bi Babila, su rabu da kasuwarsu da maƙwabcin da yake tafiyar 'yan kwanaki daga ƙofarsu. Su tsaya da Masar, su jira wanda ya kori Masar daga Siriya.

Wata takarda da aka samu a Sakkara ta Masar a 1942 ta adana muryar ɗaya daga cikinsu. Wani sarki mai suna Adon ne ya rubuta wa Fir'auna da harshen Aramiya, yana sanar da shi cewa rundunar sarkin Babila ta iso Afek, yana roƙon a aiko da sojoji a cece shi, yana tuna masa cewa shi bawa ne mai riƙon alkawari. Wurin da sunan garinsa yake ya yage, amma a bayan takardar akwai layi ɗaya da rubutun Misrawa wanda masani Bezalel Porten ya karanta sunan Ekron a ciki. In karatun ya yi daidai, Adon shi ne sarkin Ekron na ƙarshe. Ba wata alama cewa taimakon ya iso.

Tarihin da marubutan Babila suka ajiye ya ce a watan Kislimu na shekarar farko ta sarautar Nebukadnezzar, wato ƙarshen 604, ya tafi Askalan ya ci shi, ya kama sarkinsa, ya kwashe ganima, ya mai da garin tudun kufai. Tono ya gaskata shi ɗaki bayan ɗaki. A ɗaya daga cikin gine-ginen kasuwar an sami ƙwarangwal ɗin wata mata kwance cikin fasassun tuluna, an fasa mata kai. Ekron ya ƙone a wannan yaƙin ko jim kaɗan bayansa. Rufin masana'antu ya rufto kan tuluna, azurfar da aka ɓoye ba wanda ya dawo ya ɗauka.

Me ya sa Babila ta yanka saniyar da Assuriya ta shekara ɗari tana tatsa? Domin lissafinsu ba ɗaya ba ne. Lokacin Assuriya, Masar ko dai tana da rauni ko tana ƙarƙashinta, biranen gaɓa kuma ƙofar shiga kuɗi ce. Lokacin Nebukadnezzar, Masar abokiyar gaba ce mai ƙarfi da jiragen yaƙi, kowane birni mai ganuwa a kan iyakarta kuma sansani ne da za ta iya amfani da shi gobe. Ya ga gara fili ya zama wayam. A 601 ya gwada shiga Masar kanta aka yi masa ɓarna ya koma, wanda ya ƙara masa dalilin ƙin sake gina komai a wurin.

Manyan garuruwan an kwashe su zuwa Babila. A allunan rabon abinci na fadar Nebukadnezzar, na wajen 592, akwai 'ya'yan Aga sarkin Askalan cikin masu karɓar rabon mai, tare da Yekoniya sarkin Yahuza da aka kamo daga baya. Bayan fiye da ƙarni ɗaya, takardun ciniki na yankin Nippur suna ambaton ƙauyuka masu sunan Askalan da Gaza, inda jikokin kamammun suka zauna. Yahudawa sun koma ƙasarsu da sunansu, Filistiyawa ba a sake jin su a matsayin al'umma ba.

Biranen kansu ƙaddararsu ta bambanta. Gaza ta ci gaba domin hanyar Masar da ta turare ba su tashi daga wurin ba, har ta yi wa Iskandar na Makidoniya turjiya a 332. Askalan ya yi shekaru da dama a kufai, sannan a zamanin Farisawa aka ba mutanen Taya shi suka sake gina shi, domin gari ne na bakin teku mai ruwan sha a ƙarƙashinsa, duk mai jirgi yana bukatarsa. A Ekron wasu 'yan tsiraru sun zauna cikin ɓaraguzai na ɗan lokaci a farkon ƙarni na 6, sannan suka watse. Tuddan zaitun da aka ba Padi sun koma hannun wasu, kowane ƙauye yana matse nasa, sunan garin kuma ya koma kan wani ƙauye da ke arewa da shi, Aƙir, wanda masu bincike na ƙarni na 19 suka daɗe suna ɗauka shi ne tsohon birnin.